Wuya Kawai, Ban da Kafaɗa

Pradiel, tsakiyar Satumba, 2003

Zuwa ga ƙanwata Nives,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Dorino da yara da jikoki. Ni ma lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ba baƙuwa ba ce. Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Kin san tun da injin yankan katako ya cinye mini kunne, in na ɗauki waya ihu nake yi ni kaɗai, maƙwabta suna jin sirrina, ni ba na jin amsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ga maganar. Na sauka Tolmezzo wurin likita. Ya ce idon dama ya yi yana, na hagu ma yana bin sawun ɗan'uwansa. Takardar farautata za ta ƙare da ƙarshen shekarar nan, ya ce ba zai sa hannu a sabunta mini ba. Yaro ne, bai kai ɗanki ba, amma hannunsa ake so a takarda, ba nawa ba.

'Yan ƙungiyarmu ta mafarauta sun ji labari. Da aka yi rabon dabbobin da za a harba bana sai suka ba ni tsohon bunsurun dutsen nan mai karyayyen ƙaho da ke kwana a Jan Dutse. Ba wanda ya ɗaga murya, har Alceo direban katako, wanda ke gardama da Fada a cikin coci. Na gane tausayi ne, na kuma karɓa.

To, bindigar Baba ba ta da abinci. Harsasan da ya cika ya bari na yi ta tattalinsu shekara goma sha takwas, bara na harba na ƙarshe. Na tambaya a Tolmezzo, na tsallaka Ostiriya na tambaya, ko'ina dariya ake yi mini, wai an daina yin irin wannan tun ina saurayi. Alceo ya ce in ari sabuwar bindigarsa. Ba na so. Da ta Baba na fara, da ita nake so in rufe.

Injin matse kwanson harsashi da gwangwanin tsofaffin kwanson tagulla suna wurinki, tunda haka Baba ya ga dama ya raba. Ban taɓa roƙonki komai ba tun ranar rabon. Yanzu ina roƙo. Ki cika mini ko da 'yan kaɗan ne, ki ba Alceo, yana saukowa wajenku da katako duk mako. Lokacin farauta zai rufe in dusar ƙanƙara ta toshe hanyar sama.

Ki gaishe da mijinki mai kamun kifi. Ki ce masa har yanzu ban yarda kifin nan mai kama da maciji abinci ba ne.

Yayanki,
Gelindo

Marano, farkon Oktoba

Yaya Gelindo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Da na ga ambulan da rubutunka sai na ce wa Dorino wani ya mutu a Pradiel. Shekara goma sha takwas kana aiko mini da katin Kirsimeti mai kalma uku, biyu daga ciki sunanka ne da nawa. Ashe ka iya cika shafi. Maganar idonka ta taɓa ni, Yaya, ba zan ɓoye maka ba, sai da na ajiye takardar na fita bakin ruwa na daɗe.

Amma bari in tambaye ka. Duk harsasan nan da ka harba, ina kwansonsu? Na san amsa, suna can cikin ciyawar Jan Dutse suna yin kore. Lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ka manta Baba a kan gwiwoyinsa yana rarrafe cikin raɓa yana laluben kwanso ɗaya, ga dabbar can kwance tana jira, mu kuma muna rawar sanyi? Cewa yake yi dalma ta tafi ke nan, albarushi ya zama hayaƙi, kwanso ne kaɗai ke dawowa gida. Ko kuwa kana zubarwa ne don ka san in ka tsince su wurina za su zo?

Ni ma ina da tawa a ciki. Kowa a ƙauyenmu ya san wa ke faɗar da kwalba daga kan shinge tsakanina da kai. Amma da aka zo rabo, ɗa namiji aka ba bindiga, ni aka ɗora mini ƙarfe mai nauyin ɗan maraƙi da gwangwanin kofi. Na yi fushi da Baba yana kabari, na yi fushi da kai kana tsaye, don ko baki ba ka buɗe ba ran nan. Na faɗa, ya wuce.

Injin bai yi tsatsa ba, da shi nake cika wa mijin 'yata nasa. Gwangwanin ne ban taɓa buɗewa ba sai makon jiya. Yana nan da jan zaren ulun Mama ɗaure a wuyansa. Da na ɗaga murfin, Yaya, warin ɗakin ƙasa ne ya bugi hancina, mai da taba da danshin bango. Sai na ga kaina 'yar shekara goma sha biyar a kan kujerar tatsar madara, Baba yana cewa in matso da fitila.

Kwanson ba su da yawa, kuma sun sha jiki. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, masu tsaga a baki na ware. Sauran na yi musu yadda ya koya mini. Tunda kai a lokacin hankalinka yana wurin 'yan matan ƙauyen ƙasa, bari in tuna maka. In aka harba, kwanso yana kumbura ya ɗauki siffar makwancinsa a cikin bindiga, ya zama nata ita kaɗai. Don haka Baba ba ya matse shi duka. Gajeren bututun nan yake ɗaurawa a injin, ya matse wuyan kawai don ya riƙe sabuwar dalma, ba ya taɓa kafaɗar kwanson da ke ƙasan wuyan. Wuya kawai, ban da kafaɗa. Na ji wannan magana har ta fi addu'ar cin abinci zama a kaina. Haka na yi.

Ga su nan a hannun Alceo, cikin safar Dorino. Da bindigar tana gabana da na gwada kowanne. Tunda ba ta nan, kai ka gwada su duka kafin ka hau, ɗaya bayan ɗaya. Duka na ce, ba ɗaya ba. Na san halinka.

Dorino yana gaishe ka. Ya ce mutumin da ke bin akuya a kan dutse da gwiwa ɗaya ba shi da bakin zagin abincin wani.

Allah ya ba da sa'a. Taka,
Nives

Pradiel, ƙarshen Oktoba

Nives,

Gaisuwa. Saƙo ya iso, na gode. Godiyar ke nan, saura magana.

Kin san dokar Baba, ba a sa cikakken harsashi a bindiga ƙarƙashin rufi. Na fita bayan gida na sa ɗaya, sakatar bindigar ta rufe da ɗan tauri, na harbi tsohon kututturen da yake gwaji a kai. Ta yi magana da muryarta ta da. Na ce to, ɗaya ya shiga, 'yan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ana ruwa, gwiwa tana ciwo, na koma ciki.

Ranar Asabar muka hau da Alceo. Kin san hanyar, ta bayan bukkar makiyaya, sai dai yanzu ta ƙara tsawo, ko ni na ƙara gajarta. Rana tana taɓa kan Jan Dutse muka kwanta a bayan farin dutsen nan inda Baba ke ajiye hularsa. Sai ga shi ya fito. Alceo ya ce shi ne, ga karyayyen ƙahon. Kusa yake ƙwarai, ya ba mu gefe, iska tana fuskarmu. Ko a mafarki ban roƙi fiye da haka ba.

Na tura harsashi, sakata ta tafi gaba, ta ƙi kwantawa. Na danna, ta ƙi. Na sa tafin hannu na buga, ta cije. Na ja baya, nan ma ta ƙi. Ina kokawa da ƙarfe, ƙara tana tashi, bunsurun ya ɗago ya dube ni. Bai ma yi gudu ba, Nives. Ya yi fito ɗaya ta hanci, ya juya, ya haura a hankali kamar mai barin wurin da aka yi abin kunya. Sai da Alceo ya samo ice ya buga mariƙin sakatar kafin harsashin ya fito.

Da muka sauko na gwada sauran a bayan gida. Duka haka suke. Wanda na fara gwadawa ne kaɗai ɗan halak a cikinsu.

Alceo bai yi dariya ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Gelindo, bindigata tana nan, ba sai kowa ya sani ba." Na ce ni zan sani.

Shekara hamsin ina hawa da bindigar nan, harsashin Baba bai taɓa ƙin shiga ba. Ban ce da gangan kika yi ba. Amma na kwana biyu ina tunanin abin da kika rubuta game da rabo. Dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan kololuwa.

Ki huta lafiya.
Gelindo

Marano, ranar tunawa da matattu

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da yake takardarka ba ta cancanci gaisuwa ba. An bar jaki ana dukan taiki. Na ce ka gwada duka, ka gwada ɗaya, sannan ka zauna kana auna zuciyata. Da ina son in cuce ka, shiru zan yi maka kamar yadda ka yi mini shekara goma sha takwas, ba sai na ɓata idona a kan tagulla ba. Na karanta wa Dorino, ya ce in bari sai na huce kafin in amsa. Ban huce ba, amma ga amsa.

Yau da na dawo daga coci na zauna da gwangwanin a cinyata ina jujjuya shi, ina wasa da jan zaren nan. Sai abin ya faɗo mini. Yaya, gwangwani biyu ne Baba yake da su a kan kanta. Ɗaya ba zare, ɗaya mai zare. Duk kwanson da ya ji ya fara tauri a bindiga, cikin mai zaren yake jefa shi. Kwanso in ya sha harbi sau da yawa, kafaɗarsa tana matsowa gaba kaɗan kaɗan har ya fi ƙarfin makwancinsa. Waɗanda ke hannuna duka masu jiran ranar kafaɗa ne, Baba ya rasu bai kai ga yi musu ba. Na riƙe rabin karatunsa na manta rabi.

Ka tuna ranar kafaɗa? Sau ɗaya a shekara, in ruwan Nuwamba ya hana kowa fita. Mama tana sama tana soya frico, ƙanshin cuku da dankali yana saukowa ta matakala. Baba ya cire gajeren bututu ya ɗaura dogon. Ni ina shafa wa kwanso mai da yatsa, in na cika man ya harare ni, don yana lotsa tagulla. Kai kana zaune a kan buhun masara da bindigar a cinya, an zare mata allurar da ke tayar da harsashi. Ya matsa, ya miƙa maka kwanson ba komai a ciki, ka sa, ka ce bai rufu ba. Ya murɗa bututun kaurin gashi, ya sake matsawa, ka ce da saura. Haka har ka ce ya yi. Bai taɓa gwadawa da kansa ba. Yakan ce hannunsa ya yi kanta da guduma, na Gelindo ne ke jin magana. Ina jin haushin wannan yabo a lokacin, shi ya sa ban manta shi ba.

Zan iya murɗa dogon bututun har ƙasa in matse su duka su koma kamar sababbi. Za su shiga kowace bindiga. Amma makwancin tamu ya buɗe da tsufa, za su yi lako-lako a ciki, tagullar kuma ta tsufa. In aka harba tana iya miƙewa ta rabe daga gindi, dab da fuskarka, dab da idon da ya rage maka. Ba zan yi ba ko za ka yi fushi har Ista.

Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, kuma ba a sanin iyakarsa sai da bindigar da hannunka. Waɗanda na aiko kada ka sake sa su, ni zan kwance su. Ko ka sauko da ita, ko ka haƙura ka ari ta Alceo. Ni ban taka gidanmu na Pradiel ba tun ranar da muka kwance injin daga benci, kuma ban ga wanda ya gayyace ni ba.

Na kunna wa Baba da Mama kyandir a nan. Na san kai ka kai musu furanni.

Ƙanwarka, duk da halinka,
Nives

Pradiel, Nuwamba

Ƙanwata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Maganar da na yi ba ta da kyau, na janye.

Ba zan iya saukowa ba, saniya tana dab da haihuwa. Na share ɗakinki, na kunna murhu don danshi ya fita. Na kwashe tarkacen da ke kan bencin Baba. Ramukan notin injin suna nan inda kika bar su. Alceo zai biyo ta wurinku ranar Alhamis, motarsa ta ɗauki gungume, za ta ɗauki ƙarfe da tsohuwa ɗaya.

Na tuna buhun masarar. Ina gayyatarki.

Yayanki,
Gelindo

Pradiel, tsakiyar Nuwamba, bayan ranar Waliyyi Martin

Maigidana Dorino,

Gaisuwa da kewa. Ina fatan kana cin abinci mai zafi, ba burodi da kifin gwangwani a tsaye ba. Na ce maka kwana uku zan yi, ga shi mako ya wuce. Zauna ka sha labari, don in na dawo ba lallai in iya faɗa da baki ba.

Ya tsufa, Dorino. Da na sauko daga motar Alceo yana tsaye a ƙofa, sai da na zo kusa ya gane ni. Gaisuwar da ya yi mini ita ce, "Kin yi ƙiba." Na ce, "Kai kuma ka zama sanda, wa ke dafa maka?" Ya ce saniya. Ya karɓi jakata, muka shiga, shi ke nan an gama sulhu irin na gidanmu.

Washegari aka tashi da ruwa, kamar an yi oda. Muka sauka ɗakin ƙasa. Injin ya zauna a ramukansa daidai, har da tabon mai da ya bari a katako. Gelindo ya jawo buhu ya zauna, yanzu na abincin kaji ne, ya zare wa bindigar allura. Na kwance harsasan da na aiko masa, na ɗaura dogon bututu a sama sosai, na shafa wa kwanso ɗaya mai, na matsa, na goge, na miƙa masa.

Ya ce, "Bai rufu ba."

Na murɗa kaɗan, na sake.

"Da saura."

"Ka tabbata ba hannunka ne ya mutu ba?"

"Hannuna lafiya lau. Ke dai yi aikinki, 'yar bakin ruwa."

Na sake murɗawa. Ya ce na cika rowa, Baba ya fi ni sakin hannu. Na ce Baba da ke raba ashana biyu? Ya yi dariya har ya yi tari. Rabon da in ji dariyar nan tun Mama tana da rai.

Can na miƙa masa, sai na ga ya rufe ido. Ya tura sakatar, ya kwantar da ita da yatsa biyu, ta sauka a hankali, da ɗan riƙo kaɗan a ƙarshe. Ya buɗe, ya sake rufewa. Ya ce, "Ya yi." Na ƙulle bututun a wurin, na yi kamar ina neman sifana a ƙarƙashin benci har fuskata ta bushe.

Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, duka, shi da kansa ya ce duka. Na rage wa masu dogon wuya tsawo, na cika su. Da rana na hau sama na soya frico na tuƙa tuwon masara. Muna ci na ce masa, "Ka san me nake tunani? Baba da gangan ya raba mu haka, don dole mu nemi juna." Ya ce, "Kina ba shi wayon da ba shi da shi. Baba dai ba ya son mutum ɗaya ya samu abu cikakke, ko riga ya saya maka sai ya riƙe maɓalli." Wataƙila shi ke da gaskiya.

Ranar Talata gari ya washe. Ya ce wa Alceo ya yi zamansa, ni zan raka shi. Dusar ƙanƙara ta kai idon sawu daga bukkar makiyaya zuwa sama. Na riƙe madubin hangen nesa, shi bindiga, muna tafe muna hutawa, kowa yana cewa don ɗan'uwansa ya tsaya. Muka kwanta bayan farin dutse. Ya cire hularsa ya ajiye a inda Baba ke ajiye tasa.

Mun daɗe har na daina jin yatsun ƙafata. Sai ga bunsurun ya fito daga tsagin dutse, baƙi wuluk da gashin sanyi, ƙaho ɗaya guntu. Ya fi wancan karon nisa, amma ba nisan da ya fi ƙarfin bindigar ba. Na taɓa Gelindo. Ya tura harsashi, sakatar ta kwanta ba ko ƙara. Ya sa ido a madubin bindigar. Na toshe kunne ina jira.

Shiru. Can ya ce a hankali, "Nives, ina yake?"

Na ce, "Ƙarƙashin busasshen itacen, hagu da inda dutse ya tsage."

"Na ga itacen."

"To sauko kaɗan. Yana tsaye, ya ba ka gefe."

Ya goge ido da bayan hannu, ya koma. Ya gwada da idon hagu. Ya ce, "Ina ganin wani baƙin abu. Ban san ina kai ina gindi ba."

Na ce kan yana dama, in ya ɗora a tsakiya ya matsa dama kaɗan, zai samu. Ina so ya samu, Dorino, ina so ƙwarai. Yatsansa yana kan kunama, ina ganin numfashinsa. Sai ya janye yatsan. Ya ce, "Me Baba ke cewa?" Na san amsar. Ya faɗa da kansa: "Wanda ba ka ga kafaɗarsa ba, ba naka ba ne. Ka raunata shi ya je ya mutu a rami, ka ci amanar dutse."

Ya buɗe sakata, ya tare harsashin da tafin hannu. Ya ce in ba shi labarin abin da bunsurun ke yi. Na ce yana tona ƙanƙara da ƙafa, yana cin gansakuka, yanzu ya ɗaga kai, yanzu yana sosa wuya da guntun ƙahon. Ya ce, "Tsohon banza." Muka zauna ina gani ina faɗa masa har dabbar ta haura ta ɓace. Sannan ya sa hularsa ya ce, "Sakatar dai ta rufu." Na yi kuka, ban ɓoye ba, shi kuma ya ce sanyi ne ke sa ido ruwa.

Da muka iso bayan gida ya tsaya a gaban kututturen gwaji. Ya ce ba zai hau da harsashin nan ya sauko da shi a banza ba. Ya harba, ƙarar ta zagaya kwarin ta dawo. Ya ja sakata, kwanson ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙanƙara. Na juya zan tafi, sai na ga yayana, da gwiwar nan tasa, ya durƙusa yana laluben ƙasa da hannu biyu. Na ga inda ya faɗa, amma ban nuna masa ba. Da ya samu ya hura shi ya sa a aljihun ƙirji.

Zan dawo ranar Alhamis da Alceo. Injin zai biyo baya, Gelindo ya ce notin sun cije, sai ya samo babbar sifana. Saniyar ta haifi mace. Ka shayar da tukwanen furannina, kada ka ce ruwan sama ya yi.

Matarka mai kewarka,
Nives

Pradiel, kafin Kirsimeti

Ƙanwata Nives,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mai kamun kifi. Hanyar sama ta toshe. Alceo ya hango tsohon bunsurun daga nesa, yana nan da ransa.

Na je ofishin jandarma na yi takardu. Bindigar Baba ta koma sunanki, sai ki zo ki sa hannu ki ɗauka. 'Yan ƙungiya sun ce 'yar Pradiel ce ke, in kin nemi takardar farauta baɗi ba za su hana ki hawa ba. Tun ranar rabo ya kamata in buɗe baki.

Injin kuwa ba zai zo ba. Notin ba su cije ba, ni na ƙara ɗaure su. Mijin 'yarki sai ya sayi nasa. Duk abin da kika harba ki tsince kwanson ki kawo nan. Ga na farko a cikin gwangwani, na goge shi. Ido ya tafi, amma hannun yana nan, buhun ma yana nan.

Ki zo da ruwan Nuwamba. In kin ga dama ki zo kafin nan.

Yayanki,
Gelindo